Zango ba rijiya, gari ba rumbu

Jama'a, yau muna da magana da wasu magina. Maginan nan ba su taɓa kwaɓa ƙasa ba, ba su taɓa ɗora azara ba. Da alƙalami da kwamfuta suke gini. A Amurka suke. Aikinsu shi ne zana garuruwan ƙarya don wasannin tele, irin waɗanda ake nunawa kashi-kashi, mako bayan mako. Garuruwan nan a sararin samaniya suke rataye, can tsakanin taurari. Ana ce musu tashar sama.

Wani zai ce: to, mi ya haɗa mu da su? Ƴaƴanmu suka haɗa mu. Irin wasannin nan sun shigo tele, sun shigo salula. Yaro na kallo, ana nuna masa yadda zaman mutane zai kasance nan da shekara 300. Yana ganin gari mai ƙyalli. Babu rijiya a garin, babu gona, babu rumbu. Mutum ya ji yunwa sai ya yi wa bango magana, bango ya miƙo masa kwano cike da abinci. Yaron da ya ga haka sau goma, sau ashirin, mi zai ɗauka? Zai ɗauka noma aikin mutanen da ne. Zai ɗauka gobe ba ta buƙatar manomi.

Mu kuwa mun ce ba haka ba ne. Duk wanda ya zana gari a sama, in bai zana rijiya da gona da juji ba, bai iya aikinsa ba. Ga dalilanmu.

Akwai ta gaske, akwai ta wasa

Tashar sama ɗaki ne babba na ƙarfe, rufe ruf, wanda ake harbawa sama da roka. Yana kewaya duniya, mutane na zaune a ciki. Akwai shi da gaske. Tarayyar Sobiyet ce ta fara harba irinsa a shekarar 1971, sunansa Salyut 1. Amurka ta harba nata, Skylab, a 1973. Daga baya Sobiyet ta gina tashar Mir, wadda ta yi daga 1986 zuwa 2001. Ƙasar Sin ma ta fara gina tata a 2021.

Wadda ta fi su girma ita ce tashar ƙasa da ƙasa, da ake kira ISS. Amurka da Rasha da Japan da Kanada da ƙasashen Turai suka haɗu suka gina ta. An fara aikin a 1998. Tun shekarar 2000 ba ta taɓa zama babu kowa ba. Nisanta daga ƙasa kamar kilomita 400 ne, bai kai tafiyar Yamai zuwa Maraɗi ba. Kowane minti 90 tana kewaye duniya sau ɗaya, wato sau 16 ke nan a kwana guda. Tsawonta metir 109, kamar filin ƙwallo. Galibi mutum 7 ke zaune a ciki. Wani lokaci bayan magariba, ko gab da asuba, ana ganin ta tana ratsa sama kamar babban tauraro mai tafiya, ba ta ƙyaftawa.

To, wannan ita ce ta gaske. Na wasa kuwa suna da yawa, amma biyu suka fi suna. Dukansu a 1993 suka fito a Amurka. Ta farko sunanta Deep Space Nine, cikin jerin wasannin Star Trek. An yi kashi 176, har zuwa 1999. Herman Zimmerman ne ya shugabanci masu zana ta. Ta biyu sunanta Babylon 5, wadda J. Michael Straczynski ya ƙirƙiro. An yi kashi 110, har zuwa 1998. A cikin labari, tsawon Babylon 5 kilomita 8 ne, mazaunanta kuma 250,000. Kusan yawan mutanen birnin Maraɗi ke nan a ƙidayar 2012.

Dukansu biyu zango ne. Fatake na sauka, baƙi na wucewa, akwai kasuwa, akwai masauki, akwai ɓarayi da ƴan sanda. Mu kuwa mun san zango. Mun san ba a kafa shi inda babu ruwa. Don haka muna da tambayoyi biyar ga duk mai zana zango a sama.

Tambaya ta farko: ina iska?

A sararin samaniya babu iska ko kaɗan. Wadda ake shaƙa a cikin tasha daga ƙasa aka kawo ta, kamar yadda matafiyi ke ɗaukar ruwa a salka. In salka ta huje, shi ke nan.

An ga haka tun farko. A 1971, mutum uku na Sobiyet suka yi kwana 23 cikin Salyut 1. A hanyarsu ta komowa, wata ƴar ƙofar iska ta jirginsu ta buɗe. Iska ta fice. Jirgin ya sauka lafiya lau, amma da aka buɗe shi sai aka tarar da su ukun sun mutu a kan kujerunsu. A 1997 kuma wuta ta kama cikin tashar Mir. Hayaƙi ya cika ɗakuna. A gida sai a buɗe taga, ko a fita waje. Can kuwa babu tagar buɗewa, babu wajen fita.

Babban mutum na buƙatar kusan kilo ɗaya na oksijan a kwana, wato sashen iska mai rayar da jiki. A tashar ISS, inji ne ke raba ruwa da wutar lantarki, ya fitar da oksijan. Lantarkin kuma daga hasken rana ake samun sa, da manyan faranti irin waɗanda muke gani a kan famfunan ƙauye. Wani injin yana tsotse gurɓatacciyar iskar da mutane ke fitarwa. Fankoki na juyawa dare da rana. In sun tsaya, numfashin mai barci zai taru a gaban hancinsa.

Yanzu ku dubi tashar wasa. Zaure ya fi na sarki faɗi, rufi can sama, tagogi manya-manya, ga shiru kamar tsakar dare. Wa ya kawo iskar da ta cika zauren nan? Ina injin da ke wanke ta? Ba a faɗa ba. Magini ya ga kyau ya manta da numfashi.

Tambaya ta biyu: ina ruwa?

Mu yi lissafi tare. Mu ƙaddara kowane mutum na buƙatar litar 4 a kwana, don sha da dafuwa kawai. Ba mu sa wanka ba, ba mu sa wanki ba. Mutum 250,000 sau litar 4, litar miliyan ɗaya ke nan. In an zuba a bido mai litar 25, bido 40,000 ne, kowace rana. Litar ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Kai kilo ɗaya sama kuwa yana cin dubban dalolin Amurka.

Shi ya sa a tashar gaske ba a zubar da ruwa. Ana tara zufa, ana tara tururin numfashi, har fitsari ana tarawa. Inji ya tace, ya dafa, ya sake tacewa, a mayar da shi ruwan sha mai tsabta. A 2023 hukumar binciken sama ta Amurka, NASA, ta sanar cewa cikin kowace litar 100 ana iya maido da 98. Masu ilimi sun yi shekaru suna wahala kafin su kai nan.

Duk matar da ta taɓa jan ruwa a rijiya mai gaba 30 ta san wannan dabara. Ruwan wanke hatsi dabba ke sha. Ruwan wanka shuka ke sha. Amma mai zane bai taɓa jan guga ba. A tashar da ya zana, kwalabe cike suke a mashaya, kowa na kurɓa, ba wanda ya tambayi inda ruwan ya fito.

Akwai wasan da ya kiyaye wannan. Sunansa The Expanse, an nuna shi daga 2015 zuwa 2022. A cikinsa akwai ma'aikata masu tafiya nesa su ɗebo ƙanƙara da manyan jirage, a narkar da ita don mutanen tasha. Ana raba ruwa da awo. Ana satar sa. In jirgin ƙanƙara bai iso ba, gari ya rikice. Nan da nan mai kallo zai ji tsoron ya kama shi, don ya san ƙishirwa gaskiya ce.

Tambaya ta uku: ina gona?

Nan maganar ta fi zafi. Mu sake yin lissafi. Mu ƙaddara tiya ɗaya ta hatsi na ciyar da mutum 5 a kwana. Mutum 250,000 za su ci tiya 50,000. Buhu ɗaya tiya 40 ne. Buhu 1,250 ke nan kowace rana. A shekara, buhu ya wuce 450,000. Ina rumbun? Ina gonar? Ina masussuka?

Har yanzu abincin mutanen ISS daga ƙasa ake aika musu shi da jiragen kaya. Manoman ƙasa ne ke ciyar da su. Sai a 2015 ma'aikatan Amurka suka ci salatin da aka shuka a cikin tashar, ganye kaɗan ne kowa ya samu. A 2021 aka girbi tonka. An yi murna ƙwarai, an watsa labari a duniya. Ku duba fa: salati da tonka. Ko miya ba su isa ba, balle tuwo.

An taɓa gwada rufaffen gari a nan ƙasa. A jihar Arizona ta Amurka aka gina wani ƙaton gidan gilashi, sunansa Biosphere 2. Faɗinsa ya ɗan wuce hekta ɗaya. A 1991 aka rufe mutum 8 a ciki, maza 4 mata 4, har shekara biyu. Suna da gona wadda ba ta wuce rubu'in hekta ba. Suka shuka dankali da wake da gujiya da shinkafa da ayaba. Suna da awaki da kaji. Mafi yawan abincinsu su suka noma shi, amma kullum cikin yunwa suke, kowa ya rame. Ƙwarin da ke ɗaukar garin fure daga shuka zuwa shuka suka mutu. Tururuwa da kyankyasai suka cika wuri. Ƙwayoyin da ke cikin takin ƙasa suka riƙa shanye oksijan. Ya sauka daga kashi 21 cikin 100 zuwa kusan 14, har sai da aka ƙaro musu daga waje. Kafin su fito, mutum 8 ɗin nan sun rabu gida biyu, wasu ba sa yi wa wasu magana.

Wannan a ƙasa ne, ga rana, ga kuɗi, ga likita a kusa. In mutum 8 sun buƙaci rubu'in hekta kuma ba su ƙoshi ba, mutum 250,000 za su buƙaci kusan hekta 8,000.

Masu Babylon 5 sun yi ƙoƙari. Sun bar tsakiyar tasharsu ta zama garka, da ciyayi da itatuwa da gonaki, don abinci da wanke iska. Garkar ba ta kai lissafin da muka yi ba. Amma ana ganin ta, kuma ana ganin jiragen kaya na shiga dare da rana. Wannan dabara daga malaman gaske suka aro ta. Wani malamin jami'ar Princeton, Gerard O'Neill, ya rubuta littafi a 1976 a kan garuruwan sama, kuma bai manta da gonaki ba.

Masu Deep Space Nine fa? Su suka sa injin bango. A labarinsu, injin na ɗaukar wani abu maras ɗanɗano, ya juya shi da ƙarfin wuta ya zama duk abincin da aka ambata. Irin injin nan babu shi a duniya. Su kansu marubutan sun ji abin bai zauna musu ba. Shi ya sa suka sa mutanen cikin wasan na kukan abincin inji bai kai na tukunya ba. Shugaban tashar, Benjamin Sisko, baƙar fata ne, ɗan wasa Avery Brooks ya fito a matsayinsa. Sun sa shi yana girki da hannunsa. Sun sa ubansa mai gidan abinci ne a birnin New Orleans. Sun maido da mai dafuwa ta bayan gida. Manomin tashar kuwa ba su maido da shi ba.

Tambaya ta huɗu: ina nauyi?

Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Gaskiya ne. Amma in an yi jifa da ƙarfi ƙwarai, dutse zai yi ta faɗowa, ƙasa kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, don duniya ƙwallo ce. Sai ya yi ta kewaya bai taɓa ƙasa ba. Haka tashar sama take. Tana gudun kilomita 28,000 a awa, kullum cikin faɗuwa. Mutanen ciki da kayansu duk tare suke faɗuwa. Shi ya sa ba sa jin nauyi. Suna shawagi kamar gashin kaza. Ruwa ba ya zama a ƙwarya, dunƙulewa yake yana yawo.

Abin da daɗin kallo, amma yana cin jiki. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi yana rubewa a hankali, kamar kashi ɗaya cikin 100 kowane wata. Nama na saki. Don haka mutanen ISS na motsa jiki wajen awa 2 kowace rana. Wani likita ɗan Rasha, Valeri Polyakov, ya yi kwana 437 a jere cikin Mir, daga 1994 zuwa 1995, don a ga iyakar abin da jiki zai iya ɗauka.

Maganin wannan sananne ne, kuma kowane yaro mai tsaron tsuntsu a gona ya san shi. Sa dutse a majajjawa ka juya. Dutsen zai lafe a cikin fata, ba zai faɗi ba. Ɗaura igiya a guga mai ruwa ka wulwula shi sama da kanka da sauri. Ruwan ba zai zube ba. To, in an gina tasha kamar ƙafar keke, aka sa ta juyawa, mutanen ciki za su lafe a bangon waje. Bangon nan shi zai zama musu ƙasa.

A 1952 injiniya Wernher von Braun ya nuna zanen irin wannan tasha, mai faɗin metir 76. A 1968 Stanley Kubrick ya sa ta a wani fim nasa mai suna 2001. A 1975 malamai suka taru a jami'ar Stanford tare da NASA, suka zana zobe mai faɗin kilomita 1.8, wanda zai juya sau ɗaya a minti, ya ɗauki mutum 10,000 da gonakinsu. Sun yi shi babba da gangan. Ƙaramin zobe sai ya juya da sauri, mutane su yi ta jiri. Ba a gina tasha mai juyawa ba tukuna, amma lissafinta a fili yake.

Babylon 5 tana juyawa. Deep Space Nine kuwa, an ce wai akwai wata na'ura a ƙarƙashin daɓe mai jan mutane ƙasa. Ba wanda ya taɓa ƙera irinta.

Tambaya ta biyar: wa ke aikin?

Gari ba ya share kansa. A ISS, manyan malamai da matuƙan jirgi su ke goge bango ranar Asabar. Su ke gyaran salga in ta lalace, kuma tana lalacewa. Shara a jirgin kaya ake cusa ta, a sake shi ya faɗo, ya ƙone ƙurmus a hanya.

A yawancin wasanni kuwa sai hafsoshi masu kyawawan riguna ake gani. Ba mai shara, ba mai dako, ba mai wanki. A nan dai dole mu yaba wa tashoshin nan biyu. A wani kashi na Babylon 5, a 1994, wani ɗan dako ya mutu saboda tsofaffin kayan aiki. Sauran ƴan dako suka ajiye aiki. Hukuma ta ce a murƙushe su. Shugaban tasha sai ya ɗebi kuɗi daga kason soja ya biya buƙatunsu. Tashar kuma na da unguwar talakawa a can ƙasa, inda waɗanda suka zo neman arziki suka rasa kuɗin komawa ke kwana.

Deep Space Nine ma tana da tarihi mai ɗaci. A labari, wasu ƴan mulkin mallaka ne suka gina ta da aikin tilas, don sarrafa ma'adinan ƙasar da suka ci. Da za su tafi sai suka lalata ta. Shi ya sa makanikin tashar kullum cikin gyara yake. Kakanninmu sun san aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke shi. Inda marubuta suka tuna da gumin mutane, wasansu ya yi rai. Don mi ba za su tuna da gumin manomi ba?

Abin da masu kare su ke cewa

Na farko, sun ce ai tatsuniya ce. Gizo ma yana magana, ba wanda ya kai shi ƙara. To, mu duba tatsuniyar. Mi ke sa Gizo yin wayonsa? Yunwa. Ko ya ƙi noma, ko ya saci wake, ko ya cinye rabon Ƙoƙi da ƴaƴa. Kakanninmu sun yarda gizo-gizo ya yi magana, amma ba su taɓa yarda ya ƙoshi ba tare da abinci ya fito daga wani wuri ba. Mai tatsuniya na da izinin ƙarya ɗaya ko biyu. Mun yarda jirgi ya yi tafiyar shekara dubu cikin kwana uku. Mun yarda da baƙin halittu masu ƙaho. Amma in an cire yunwa da ƙishirwa, mi ya rage da zai sa gaban mai sauraro ya faɗi?

Na biyu, sun ce ilimi na ci gaba, abin da babu yau gobe za a yi shi. Gaskiya ne, ilimi na ci gaba. Amma mu dubi inda ya dosa. Daga 1971 zuwa yau, masu binciken sama ba injin bango suke nema ba. Irin shuka suke gwadawa. Suna auna taki, suna auna haske, suna neman hanyar shayar da saiwa inda ruwa ba ya gangara. Duk mai shirin zuwa duniyar Maris ya san tafiyar watanni ce, kuma ba mai aiko masa da buhu kowane wata. Gwargwadon nisan tafiya, gwargwadon buƙatar manomi.

Na uku, sun ce kuɗi ne. Ƴan wasa a ƙasa suke, a birnin Los Angeles, kuma nuna mutum yana shawagi na da tsada. Wannan ma gaskiya ne. Masu fim ɗin Apollo 13, a 1995, sai da suka shiga jirgin sama mai hawa da faɗowa, don su samu kamar daƙiƙa 25 ta rashin nauyi kowane karo. Amma tasha mai juyawa ba ta buƙatar wannan wahala, tunda mutanenta a tsaye suke. Kuma an yi Babylon 5 da kuɗin da bai kai na Deep Space Nine ba. Sanya gona a labari ba ya cin kuɗi. Tunani yake ci. Wanda bai taɓa ganin rumbu ya kusa ƙarewa a watan bazara ba, ba zai tuna da shi ba.

Mu ma muna da ta cewa

Zaman tashar sama zaman ƙidaya ne. Ana ƙidaya ruwa, ana ƙidaya abinci, ba a yar da komai. Wannan ilimi muna da shi. Mun koye shi da wuya, a farin 1973 da na 1984. Maigida ya san damin da zai kai iyalinsa kaka. Uwargida ta san tulun da zai kai dare. Makiyayi ya san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya. Da maginan Amurka sun zauna da ɗayansu yini guda, da zanensu ya gyaru.

Don haka, iyaye, in kun ga yara na kallon irin wasannin nan, kada ku kore su. Ku zauna tare da su. Ku yi musu tambayoyin nan biyar: ina iska, ina ruwa, ina gona, ina nauyi, wa ke aikin? Ku bar su su nema a cikin wasan. In sun samu, ku yaba wa mai zane. In ba su samu ba, ku gaya musu an cuce su, an ɓoye musu wanda ke ciyar da garin.

Ku kuma samari da ƴan mata masu sha'awar ƙaga labari, wata rana ɗayanku zai zana tasa tashar. Ku yi yadda magabata ke kafa gari. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara da rijiya. Ku auna gona daidai da bakunan da za su ci. Ku ware wurin juji da salga. Ku san wanda zai yi gyara in inji ya tsaya, da wanda zai raba ruwa in ya yi kaɗan, da wanda zai yi shari'a in an yi faɗa a kan rabon. Bayan nan sai ku gina fadar sarki, ku sa mata tagogi yadda kuke so.

A tattauna wannan magana a dandali. Wanda ya ga ba haka ba ne, ya kawo nasa lissafin mu gani.